Yarona ɗan shekara 17 ya fara satar fita da mota, ya zan yi?

Maman Abba:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Babban ɗana shekararsa 17, babansa ya koya masa mota lokacin hutu, tun daga nan ban ƙara barci mai daɗi ba. Daren Asabar wajen ƙarfe 11 na leƙa gareji babu mota, wallahi har ya dawo ina kan sallaya gabana sai faɗuwa yake, sai ga shi da abokai huɗu a ciki, bambar gaba a lotse. Baban cewa ya yi a ƙyale shi ai namiji ne.

Baban Ummi:
Hajiya Allah ya ƙara tsarewa. A Najeriya sai mutum ya cika 18 ake ba shi lasin, kin ga ko 'yan Road Safety ko KAROTA, masu kula da titi a Kano, suka tare shi ba shi da ta cewa, in kuma ya buge wani ku za a nema. Mukulli ya koma ɗakinki daga yau. In ya cika shekarun a kai shi makarantar koyon tuƙi, ya yi gwajin tuƙi wajen jami'an duba motoci na VIO, ba a ba wani kuɗi ya kawo masa kati har gida ba.

Direban Zariya:
Ni abokan nan huɗu sun fi tayar min da hankali, don yaro in shi kaɗai ne a hankali yake tafiya amma da an cika motar ana kiɗa ana zuga shi sai ya danne totur ya nuna shi ma ya iya, haka wasan motar nan na wajen biki ke farawa. Ga waya kuma. Mota tana gudun kilomita 50, wato iyakar gudun cikin gari, a daƙiƙa ɗaya tana cin kusan mita 14, ya sunkuya daƙiƙa biyu duba saƙo ya shafe mita 28 bai ga titi ba, ga adaidaita na tsayawa ba sigina. Nawa yaron sai da muka yi wata shida ina gefensa, da rana kawai, bel a ɗaure, waya a aljihuna.

Anti Hauwa:
Yaya, maigidan za ki fara shawo kai, kar ki yi a gaban yaron. In ya ƙi ji ki sa wansa ko kakan yaron su yi masa magana.

Maman Abba:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mukullin yana jakata yanzu, gobe in sha Allah zan je wajen kakan nasa.