Sabunta Revit da Vault ana tsakiyar aiki: a yi ko a dakata?

Injiniyan Tumfure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ofishin zanen gine-gine ne a nan Gombe, kwamfuta takwas da sabar ɗaya. Da Revit 2022, manhajar zana gini, ake aiki, zane-zanen DWG (fayilolin AutoCAD) da PDF kuma suna cikin Vault 2021, manhajar adana fayiloli a sabar. Abokan aikinmu na Abuja sun koma Revit 2025, fayil ɗin ginin da suka aiko ya ƙi buɗuwa a wajenmu. Dillalin da ya sayar mana da lasisi kullum amsarsa ɗaya ce, wai an miƙa maganar sama, a ƙara haƙuri. Aiki ya kai rabi, ranar miƙawa tana matsowa. Akwai yadda za su mayar mana da fayil ɗin zuwa 2022, ko sai mun sabunta komai? In sabuntawar ce, ta ina ake farawa?

Akitek Yelwa

Wa alaikumus salam Injiniya. Maganar mayarwa ka cire ta a ranka. Revit ba ya adana fayil zuwa shekarar baya. Da zarar an adana shi a 2025, shi ke nan. AutoCAD ne ya saba wa mutane da akasin haka, don tsarin DWG na 2018 shi ne dai har a AutoCAD 2025, kuma yana barin mutum ya adana a tsohon tsari. Abin da 'yan Abuja za su iya aikowa shi ne IFC, wato tsarin fayil na musayar zanen gini tsakanin manhajoji daban-daban. Ya isa a duba ko bim ɗin gini ya ci karo da bututu, amma bai dace da gyara ba.

Sai dai ba dole ne a sabunta komai ba. Revit 2022 da 2025 suna zama a kwamfuta ɗaya ba rikici, don haka wannan aikin kaɗai za ku ɗaga zuwa 2025. Kowa ya yi Synchronize with Central, wato ya tura gyare-gyarensa zuwa babban fayil ɗin da kowa ke aiki a kai (central), ya saki duk abin da ya riƙe, ya rufe. A kwafi foldar aikin gaba ɗaya zuwa faifan ajiya na waje, a zare shi a ajiye. A fara da fayilolin da aka haɗa da babban fayil, wato na ƙarfe da kankare, na lantarki, na famfo. In aka bar su a 2022, duk buɗewa sai Revit ya sake ɗaga su na wucin gadi, shi ya sa za ka ji ana kukan sabon ya fi tsohon nauyi. Daga nan a buɗe babban fayil da Detach from Central (raba shi da tsohon central) tare da Audit (binciken lafiyar fayil), a zaɓi riƙe worksets, wato rabe-raben aikin tsakanin ma'aikata, a adana shi a matsayin sabon central da suna mai ɗauke da 2025. Kowa ya goge tsohon kwafin kwamfutarsa ya ciro sabo.

Kafin a ce an gama, a kwatanta jadawalin ƙofofi da yawan kankare na kafin ɗagawa da na bayanta, a buga shafi biyu ko uku a duba kaurin layi da rubutu. Inda aka fi shan wuya shi ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Revit. Revit 2025 ya koma kan sabon tubalin manhaja mai suna .NET 8, don haka na 2022 ba za su yi aiki a kansa ba. In kuna tura zane tsakanin ProtaStructure (manhajar lissafin ƙarfe da kankare) da Revit, ku tabbatar mahaɗin 2025 yana hannunku tun kafin ku taɓa komai.

Mai Sabar na Pantami

Hajiya Akitek ta gama da ɓangaren Revit. Vault kuwa, Yallaɓai, kar a taɓa shi sai an miƙa aiki. Abin da zai tilasta muku ɗaga shi shi ne sabon AutoCAD, domin mahaɗin AutoCAD 2025 da Vault ba ya magana da sabar Vault 2021. Tun da tsohon AutoCAD ɗinku yana buɗe DWG ɗin 'yan Abuja, babu gaggawa.

Idan lokacin ya yi, ba a tsallake daga 2021 zuwa 2025 kai tsaye. Shekara biyu ce iyakar tsalle ɗaya, sai an sauka a 2023 tukuna, kuma a kowane zango a duba jadawalin Autodesk, kamfanin da ya yi manhajar, a ga wane SQL Server (manhajar rumbun bayanai) da wane Windows Server yake karɓa. Bayanan kashi biyu ne: rumbun SQL mai riƙe sunaye da tarihin gyare-gyare, da filestore mai riƙe ainihin fayilolin. Wanda ya kwafi filestore kaɗai ya kwashi tulin fayiloli ne da ba zai gane kansu ba. Daga ADMS Console, manhajar kula da sabar Vault, ake yin kwafin ajiya, shi ke haɗa biyun. A mayar da kwafin a wata kwamfuta daban, a yi gwajin ɗagawar a can, a rubuta awa nawa ta ci. Sai a ware fili a faifai kamar ninki biyu zuwa uku na girman bayanan. In SQL Express ne na 2022 ko wanda ya gabace shi, iyakarsa 10 GB ga kowane rumbu, a duba ko an kusa cika.

Ranar aikin gaske, Juma'a da yamma bayan kowa ya mayar da fayilolin da ya ciro. Sabar a kan inbata ko UPS mai batir lafiyayye, janareto a kunne tun farko. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauya rumbu, sai dai a koma kwafin ajiya a faro daga farko. Sabar ake fara ɗagawa, sannan kwamfutocin ma'aikata.

Tsohon Safiyo

Kukan nan ba namu ba ne mu kaɗai. A 2020 wasu manyan kamfanonin zanen gine-gine na Ingila sun rubuta wa Autodesk buɗaɗɗiyar wasiƙa kan tsadar lasisi da jan ƙafa wajen inganta Revit. Amma ƙanena, a nan abokan aikinku ne suka yi kuskure. Ba a canja shekarar Revit ana tsakiyar aiki ba tare da an yi shawara ba. Gaba, ku sa shekarar a rubuce cikin yarjejeniya. Kuma kar kwamfuta takwas kowace ta sauke nata, kuɗin data zai yi yawa. A haɗa kunshin girkawa ta Custom Install a asusun ofis, a sauke sau ɗaya, a raba ta sabar.

Injiniyan Tumfure

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: uku daga cikin kwamfutocin 8 GB ne RAM ɗinsu. Za su ɗauki 2025?

Akitek Yelwa

Da ƙyar. Mafi ƙarancin abin da ake nema wa Revit 2025 shi ne 16 GB. Lissafin da aka saba yi shi ne girman fayil sau ashirin, wato fayil mai 300 MB zai ci kusan 6 GB shi kaɗai, ban da Windows da fayilolin haɗi. A buɗe su a ga ko akwai ramin RAM da ba kowa, a ƙara 8 GB irin wanda ke ciki. Ɗagawar kanta a yi ta a kwamfutar da ta fi ƙarfi a ofis, a kan faifanta, ba ta wayar sadarwa ba.