Shawarwarin iyaye kan ajin rawar gargajiya na yara

Iyayen yaran da ke koyon rawar gargajiya a Samaru sun tattauna, kuma maganar lokaci ce ta fi jan hankali. Akasarinsu sun ce a mayar da atisaye Alhamis da Juma'a da yamma, ranakun da babu Islamiyya. Ina bayan wannan sosai, don bai kamata kalangu ya ci lokacin karatu ba. Iyaye mata sun nemi mace ta riƙa koya wa 'yan mata gaɗa a ɗakinsu daban, cikin sutura ta mutunci. Da hunturu a shafa wa yara mai a ƙafa saboda faso. Wasan da za a nuna wa iyaye kuwa, a bari sai bayan Hawan Daushe.