Littafin dodanni na Faransanci ya dace da 'yar shekara 10?

Wata uwa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya kawo wa 'yata tsarabar littafi daga Yawunde, labarin wata yarinya da ta faɗa rijiya ta ɓulla ƙasar dodanni tana neman ƙaninta. Da Faransanci yake, ya haura shafi 300, ita kuma CM1 take, wato aji biyar na firamare. Kwana uku ke nan ba ta ajiye shi ba, jiya har tuwo ya kama tana tsugune bakin murhu da shi. Na buɗa tsakiya sai na tarar da mayya tana surkulle a kan ƙoƙon kan mutum. Da dare kuma ta ƙi zagayawa ita kaɗai. In karɓe ne ko in ƙyale ta?

Malamin firamare, Marwa:
Hajiya, kada ki karɓe. Ni da zan samu yara biyar a ajina masu ƙona tuwo saboda karatu, da na yi sadaka. Irin waɗannan littattafai da passé simple ake rubuta su, wato sigar aikatau ta Faransanci ta ba da labarin abin da ya wuce, su "il fut" da "ils prirent", abin da ba a faɗa a kasuwa amma yana jiran ta a jarrabawar CEP ta kammala firamare baɗi. Ki sa ta karanta miki shafi ɗaya a bayyane, ta rufe, ta maimaita da Hausa. In ta iya, bai fi ƙarfinta ba.

Wani dattijo, Kusuri:
'Yata, mu nan da labarin mutanen Sao muka tashi, samudawan da ƙabilar Kotoko ke cewa kakanninsu ne, ga Dodo, ga Gizo da Ƙoƙi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma, tun 1934, akwai aljannu a ciki. Abin dubawa ɗaya ne: yarinyar labarin da me ta tsira, da wayonta da haƙurinta ko da tsafi? In tsafin ake yabo, ki zauna da ita ku yi magana.

Wata malamar asibiti, Gaundere:
Ni dai tsoron nan ban raina shi ba. Tatsuniya a jikin kaka ake jin ta, ana cewa ƙurunƙus an gama. Wannan kuwa ita kaɗai ce da tocila. Daga magariba a rufe littafi.

Uwar, Garwa:
Na gode. Mun gwada bayan la'asar, ta kawo labarin tsaf, dragon ma "maciji mai fiffike" ta kira shi. Baba, maganar tsafin sai na kai ƙarshe da kaina, ina shafi na 40.