Wane littafin soyayya mai haɗe da almara ne ya fara hana ku barci?

Tauraruwar Asuba:
Salamu alaikum jama'a. Yau da jajayen idanu na tafi wurin aiki, kuma ba ciwo ne ya jawo ba, littafi ne. Cewa na yi bari in karanta babi ɗaya in kwanta, ban farga ba sai da na ga ƙarfe huɗu saura. Shekaruna 29, littafin kuwa na matasa ne, irin wanda masu buga littattafai ke ware wa 'yan shekara 12 zuwa 18. Irin labaran nan nake nufi da ke faruwa a duniyarmu ta yau, ga waya, ga makaranta, ga jarabawa, ga iyaye masu sa ido, amma sai a cusa wani abu da hankali ba ya ɗauka a tsakiyar soyayyar.

Ba zan faɗi sunansa ba don zan tona wani wuri a ciki. Yarinya ce da duk lokacin da aka yi mata ƙarya sai yatsunta su yi sanyi ƙalau. Malami ya ce ya duba aikinta, sanyi. Ƙawa ta ce rigar ta yi mata kyau, sanyi. Babanta ya ce lafiyarsa lau, sanyi. Har ta saba, ta daina ɗaukar abin da zafi. Wurin da ya gama da ni shi ne inda suke tsaye ita da yaron a tashar mota. Ya ce mata yana sonta, hannunta na nan da ɗuminsa. Ta ji daɗi, ni ma na ji. Sai ya saɓa jakarsa ya ce, "Jibi zan dawo." Marubuciyar ba ta ƙara bayanin komai ba, cewa kawai ta yi yarinyar ta tura hannayenta cikin aljihu. Wallahi kife wayar na yi a ƙirjina, na yi ta kallon sama kamar ni aka yi wa.

To ku fa? Wane ne ya fara kama ku, a wane hali kuke, kuma me ya riƙe ku a ciki, soyayyar ce ko abin al'ajabin?

Autan Gida:
Wa alaikumus salam Anti. Ni namiji ne, kuma sata na fara. Yayata ce take da Twilight, littafin yarinyar da ta faɗa soyayya da wata halitta mai shan jini da ke cikin siffar saurayi, ta hana kowa taɓa shi, ni kuma abin da aka hana ni shi nake so. Ina ɗauka in ta fita, in mayar daidai inda alamarta take kafin ta dawo. Da niyyar in samu abin tsokanarta na fara, sai ga ni na cinye duka littattafai huɗun da ke jerin. A 2005 Stephenie Meyer ta fitar da na farko, fim ɗinsa ya biyo baya a 2008, amma ni sai da ƙurar ta lafa na zo wurin.

Abin da ya ba ni mamaki, ba shan jinin ne ya riƙe ni ba. Yadda aka zaunar da mai shan jini a ajin kimiyya kusa da sabuwar ɗaliba, a wani ƙaramin garin Amurka da ruwan sama ba ya ɗaukewa, shi ne ya kama ni. Da a wani tsohon gidan sarauta aka ajiye shi da ban damu ba, irin wannan mun saba ji. Amma a aji, a kan benci irin wanda nake zama? Na yi mako guda ina yi wa shiru-shirun ajinmu kallon tuhuma.

Yaya ta gano ni ne ranar da muke gardama na kira sunan wani da bai fito ba sai a littafi na biyu. Har yau ba ta bar ni na huta ba.

Gimbiyar Babi:
Autan Gida ka ba ni dariya. Ni a cikin mota na wuce inda zan sauka, har sai da direba ya juyo ya ce ƙarshen hanya ke nan. Saura shafi shida ne a lokacin, kuma ko da na sauka, tsayawa na yi a gefen titi na ƙarasa.

Malamar Aji Uku:
Ƙanwata Tauraruwa, ki daina jin kunyar shekarunki. Wani bincike da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa manya ne, daga shekara 18 zuwa sama, kuma yawancinsu kansu suke saya wa. Muna da yawa, ɓoyewa kawai muke yi.

Ni ƙwace na yi. Wata ɗalibata na kama tana karantawa a ƙarƙashin tebur ina tsakiyar darasi, na karɓe, na ce sai Litinin. Na jefa shi a jaka da niyyar in leƙa in ga ko akwai abin da ya kamata in sanar da iyayenta. Ranar Asabar na buɗe. Ranar Litinin da na miƙa mata, sai na ji bakina yana tambaya ko tana da na biyun. Yarinyar nan ta kalle ni, ta danne dariya, ta ce, "Malama, gobe zan kawo miki." Girma ya faɗi, amma na samu littafin.

Tun daga nan nake ta tunanin dalilin da ya sa haɗin nan yake aiki, ga kuma inda tunanina ya tsaya. Labarin soyayya ba ya tafiya sai da abin da zai raba masoya. A da abin rabuwa ba ya wuyar samu: nisa, wasiƙar da ta ɓace a hanya, saƙon da bai isa ba. Yanzu kowa da waya a aljihu. In ka rubuta cewa sun rabu saboda rashin fahimta, mai karatu zai ce to ta kira shi mana, minti biyu an gama. Almara ita ke dawo wa marubuci da katangar da waya ta rushe. Idan taɓa hannunsa zai iya kashe ta, ko kuma kwanakinsa a duniyar mutane ƙidayayyu ne, babu saƙon waya da zai warware wannan. Ga su kusa da juna, suna iya magana dare da rana, amma ba mafita. Wannan kusancin da ba ya amfani shi ne yake cin rai.

Kuma ku lura, yawancinsu da bakin jarumar ake ba da labarin. Ba ka san komai ba sai abin da ta sani, shi ya sa ranar da asirin ya tonu kai ma kake jin an yaudare ka.

Ba Sani Ba Sabo:
Malama, na yarda da maganar katanga, amma bari in ɗan zuba ruwan sanyi. Ina shekara 16 na karanta wanda Autan Gida ya ambata, na haukace a kansa. Na sake ɗaukarsa bayan na haura 30, ina da 'ya mace, sai na ji kamar wani littafin daban aka ba ni. Jarumin nan a 1901 aka haife shi a cikin labarin, ya tsaya a shekara 17 tun 1918. Yarinyar kuwa 17 ɗinta na gaskiya ne. Wato mutumin da ya haura shekara ɗari ne yake shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba, kuma a lokacin nan ni gani nake babu soyayyar da ta kai wannan. Yanzu da na zo wurin sai da tsigar jikina ta tashi.

Ba shi kaɗai ba ne, abin ya zama yayi bayansa. Saurayi mai kishi kamar hauka, mai hana ta zuwa wurin ƙawaye, mai yanke mata hukunci wai don ya kare ta, sai a ce ai ba laifinsa ba ne, halittarsa ce haka. Almara tana gina katanga, gaskiya ne, amma wani lokacin mayafi take zama da ake rufe mugun hali da shi. Cire masa fukafukai ko haƙoran, ka dube shi a matsayin mutum, in ka ga ba za ka ba shi ƙanwarka ba to da sauran magana.

Sai kuma samari biyu a kan yarinya ɗaya. Don Allah a huta haka nan. Tun babi na uku kowa ya san wanda za ta zaɓa, a bar ɗan mutane na biyun yana ta wahala har littafi uku.

Ban daina karantawa ba fa, kada a fahimce ni a baibai. Zaɓe nake yi yanzu.

Autan Gida:
Anti, ɗan mutane na biyun nan shi nake goya wa baya kullum, kuma kullum mu ke faɗuwa.

Alƙalamin Dare:
Ni ta ɓangaren rubutu na sha tawa. Bayan na karanta sun fi ashirin sai na ce ai ni ma zan iya. Na buɗe shafi a Wattpad, dandalin rubuta labarai na intanet da aka kafa a Kanada a 2006, na fara sakin babi-babi. Jarumina yana iya tsayar da lokaci. Na ba shi wannan baiwar haka kawai, ba sharaɗi, ba abin da yake biya. Babi tara ina jin kaina, sai a na goma na sa yarinyar ta yi haɗari, shi kuma ya iso a makare yana kuka. Wata mai karatu ta rubuto min layi ɗaya: "To me ya hana shi tsayar da lokacin?" Na zauna na rasa amsa. Ni da na ƙirƙire shi na manta abin da yake iyawa.

Sai da na rushe labarin na sake gini. Na sa duk daƙiƙar da ya tsayar, daga cikin kwanakinsa ake cirewa, kuma furfura na fito masa tun yana ɗan sakandare. Nan take labarin ya tashi da ƙafarsa. Da ya tsayar da lokaci na minti ɗaya don kawai ya ƙara kallonta tana dariya, masu karatu suka yi ta ihu, don sun san abin da minti ɗayan ya ci masa. Yanzu in ina karanta na wasu, abin da nake fara nema ke nan. In na kai babi na biyar ban ga abin da baiwar ke ci wa mai ita ba, ajiyewa nake yi.

'Yar Ajin Ƙarshe:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki, tunda ni ce mai shekarun da aka rubuta wa. 17 nake. Na ga duk kuna magana a kan saurayin, ni kuma gaskiya ba shi ne ya fi damuna ba. Sau da yawa ma haushi yake ba ni.

Abin da nake so shi ne yarinyar tana da abin da take ɓoyewa, kuma dole gobe ta tashi ta je makaranta kamar ba komai. Akwai wanda na karanta, cikin dare ta gano inuwarta ba ta bin ta, tana yin abin da ta ga dama, da safe kuma tana da jarabawar lissafi. Ta zauna a layin baya inda haske bai kai ba, tana rubutu tana satar kallon bango. Ban taɓa rasa inuwa ba, amma na san zaman nan sarai. Na san yadda ake amsa "lafiya lau" alhali ciki na tafasa. Da littafin ya fito ya ce yarinyar tana cikin damuwa, da na rufe shi, don wa'azi ya ishe mu. Da ya ce inuwarta ce ta gudu, sai na karanta har ƙarshe. Shi kuma yaron, amfaninsa ɗaya a wurina: shi ne ya fara lura, kuma bai gudu ba, bai kuma tona mata asiri ba. Matsar da kujerarsa kawai ya yi yadda inuwarsa za ta rufe inda tata ya kamata ta kasance.

Anti Ba Sani Ba Sabo, maganarki gaskiya ce, amma mu ma muna gani fa. Ni da ƙawayena in muka ga irin mai leƙen nan, dariya muke masa.

Ba Sani Ba Sabo:
Madalla 'yata, kin fi ni wayo a shekarunki. Wancan na kujerar kuwa, shi zan iya ba wa ƙanwata.

Malamar Aji Uku:
'Yar Ajin Ƙarshe, Allah ya sa dai ba a ƙarƙashin tebur kike karantawa ba.

'Yar Ajin Ƙarshe:
Malama, a bar kaza cikin gashinta.

Tauraruwar Asuba:
Kai jama'a, na gode, ban zaci za a taru haka ba. Masu turo min saƙo suna tambayar sunan littafin, zan ba ku ɗaya bayan ɗaya, amma da sharaɗin ba wanda zai dawo nan ya faɗi ƙarshensa. Na riga na shiga na biyun. Ina babi na bakwai, jibi ta wuce da wata uku, yaron bai dawo ba, ita kuma ta fara yawo da safar hannu. Na saita ƙararrawa ƙarfe goma sha ɗaya don in ajiye wayar. Yanzu sha ɗaya da kwata.