Farin ɗigo ya kama kifayena na ruwan gishiri, don Allah a ba ni shawara

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, hankalina ne a tashe. Shekara shida na yi ina aiki a Duwala, a can na fara ganin tankin kifin teku a falon maigidana, tun ranar abin ya shiga raina. Da na dawo gida sai na riƙa tarawa kaɗan-kaɗan, gilas daban, famfo daban. Gishirin ma a buhu ake aiko min daga Duwala, don ba irin na miya ba ne. Uwargida ta yi faɗa har ta gaji, wai mutum yana bakin Binuwai, ga karfasa ga giwan ruwa, me ya kai shi kiwon kifin da ba a ci. Yanzu kuwa ita ke ba su abinci idan na yi tafiya. Tankin lita 300 ne, ya shekara biyu, da kifi shida, jatan lande biyu, murjani da duwatsu masu rai, wato duwatsun teku masu ƙananan halittu a jikinsu.

Mako uku ke nan aka kawo min wani shuɗin kifi, wanda ake kira chirurgien bleu. Jirgin ƙasa ya biyo daga Yawunde zuwa Ngaundere, daga nan mota. Bayan kwana huɗu na ga farin ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jiki da dutse. Sai ɗigon ya ɓace da kansa, na yi hamdala. Shekaranjiya ya dawo, wannan karon a jikin kowa. Da asubar yau na tarar da ɗaya daga cikin masu ratsin lemo da fari kwance a kan yashi. 'Yata ƙarama ce ta sa masa suna, ban ma faɗa mata ba tukuna. Me zan zuba a ruwan?

Mai Tarwaɗa na Lagdo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, mun sha ganin wannan. Ƙara gishiri, ka bar ruwan ya ɗan yi zafi, mako ɗaya ya wuce.

Alhaji na Injamena:
Subhanallahi. Malam na Lagdo, mutum na kiwon kifin teku ka ce ya ƙara gishiri? Abin da ka sani na ruwan daɗi ne, wannan wata halitta ce daban, sunanta Cryptocaryon irritans, a cikin gishirin take rayuwa.

Ɗan Garwa, saurare ni da kyau, shekara goma sha ɗaya nake wannan harka. Ɓacewar da ka yi wa hamdala ba warkewa ba ce. Ƙwayar takan yi kwana 3 zuwa 7 tana cin jikin kifi, sai ta saki ta faɗa ƙasa, ta manne a yashi ko dutse, ta rufe kanta cikin ɓawo tana rarrabuwa. In ɓawon ya fashe ɗaruruwa ke fitowa suna iyo suna neman kifi. A wannan fitowar kaɗai magani ke kama su, ba ya taɓa wadda ke cikin fata, ba ya taɓa wadda ke cikin ɓawo. Hanya ɗaya ce. Ka kwashe kifin duka, har wanda ba ka ga komai a jikinsa ba, ka sa su a wani tanki tsirara, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututun roba da za su ɓuya. Ka sa maganin jan ƙarfe. In Cupramine ne, ka hau da shi a hankali har miligiram 0.5 a kowace lita, ka riƙe shi kwana 30 kana aunawa kullum. Babban tankin kuma ya zauna ba kifi ko ɗaya kwana 76, domin an taɓa samun ɓawon da ya kai kwana 72 bai fashe ba. In ba kifi, yunwa ke kashe su.

Kuma ba ka faɗa mana ba: ka killace sabon kafin ka sa shi? Zafin ruwanka nawa? Gishirin fa?

Ɗan Garwa:
Na gode Alhaji. Gaskiya ban killace shi ba, amma ku duba uzurina. Kifin ya kusa kwana biyu a leda, ya iso yana kwanciya gefe ɗaya, tausayi ya hana ni sa shi a bokiti. Kuma shekara biyu haka nake yi, ban taɓa samun matsala ba. Zafi 30, wani lokaci 31 da rana, kun san Garwa a watan Afrilu. Tanki na biyu kuwa ina zan ajiye shi? Ba zan iya zuba maganin a babban ba, ko da rabin adadin ne?

Alhaji na Injamena:
Kada ka kuskura. Jan ƙarfe zai kashe jatan landenka da murjaninka, duwatsun su shanye shi su riƙa amayo shi daga baya. Rabin adadi kuma wahalar da kifi ne kawai, ƙwayar na nan daram. Babbar robar wanki mai tsabta da famfon iska sun isa, ba sai gilas ba.

Hajiya ta Marwa:
Allah sarki, Allah ya mayar da alheri. Ni maganar zafin nan ce ta tuna min da bara. An ɗauke wuta tun azahar har wayewar gari, janareta ya ƙi tashi, yaron da ke gyara min shi ya kashe waya. Haka na kwana ina ɗiban ruwa da kofi ina kwararawa daga sama don iska ta shiga, ina jefa gorunan ƙanƙara. Kifi huɗu na rasa. Wanda ya sayar min da su ko jaje bai yi min ba, sai ma ya turo hoton sababbi da farashi. Tun lokacin na daina sayen komai a hannunsa. Ni dai tafarnuwa nake matsa wa nawa a abinci, kuma ban ƙara ganin ɗigo ba.

Ɗan Garwa:
Amin Hajiya, na gode. Tafarnuwar ma na fara tun jiya, kuma suna ci sosai. Shi ya sa nake ganin kamar in ƙara musu kwana biyu in gani.

Alhaji na Injamena:
Hajiya, da girmamawa, tafarnuwa ba ta kashe komai. In ta yi yawa ta sa kifi ya ci abinci. Kwana biyun nan da kake so, su ne ƙwayar ke so.

Malamin Kimiyya, Ngaundere:
Alhaji ya yi gaskiya a kan zagayen rayuwarta, amma ban yarda hanya ɗaya ce ba. Ina zai samu abin auna jan ƙarfe a Garwa cikin makon nan? Sa shi ba tare da awo ba ganganci ne, tazarar da ke tsakanin magani da guba kaɗan ce. Akwai rage gishiri a tankin jinya zuwa 1.009 maimakon 1.025 a abin auna gishiri, wata guda. Akwai kuma sauya mazubi: roba biyu, duk kafin awa 72 ta cika ka mayar da kifin sabon ruwa, ka wanke tsohuwar ta bushe ƙayau, har sau huɗu. Ƙwayar na faɗuwa a bar ta a baya. Sai dai zai ci maka gishiri, kuma a kowace hanya ka sa ido kan amoniya, gubar da kashin kifi ke tarawa a ruwa.

Abin da ya dame ni shi ne saurin mutuwar. Ɗigon ana iya ƙirga shi, ko kuwa kamar ƙura ce mai ruwan zinariya? Suna haki? Suna tsayawa a bakin famfo suna gudun haske? In haka ne wata ƙwaya ce daban, Amyloodinium, tana kashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma rage gishiri ba ya yi mata komai.

Alhaji na Injamena:
To ka ga ni. Ka kawo hanya biyu, sannan da bakinka ka ce wataƙila ba za su yi ba. Jan ƙarfe na kama duka biyun. Ya aika Duwala yau a kawo masa da abin awonsa.

Mai Tarwaɗa na Lagdo:
Ni dai na faɗi abin da na sani ne, ba sai an yi min tsawa a gaban jama'a ba. Ba kowa ke da kuɗin odar kaya daga Faransa ba.

Ɗan Garwa:
Don Allah a yi haƙuri da juna. Malam, abin auna gishirina na roba ne mai allura, ban san ko zai nuna 1.009 daidai ba. Haki kam shuɗin yana yi, amma ina zaton zafi ne, don na sa fanka a saman ruwan ya ɗan lafa. Kuma ku gane, kama su sai na rushe duwatsun gaba ɗaya, murjanin da na yi shekara biyu ina lallaɓawa ya manne a kansu. Mai kifin ya ce yana da wani magani da ba ya cutar da murjani, zai saka min a motar jibi. Akwai wanda ya taɓa gwada irinsa?

Malamin Kimiyya, Ngaundere:
Me aka rubuta a jikin kwalbar? Kuma turo mana hoton shuɗin kusa-kusa, ka haska shi da tocila daga gefe.

Ɗan Garwa:
Bai faɗa min sunan ba. Hoton sai an kawo wuta, yanzu ya shige bayan dutse tun la'asar bai fito ba.