Wai da gaske ne waya mai nauyi ta fi ƙarko?

Sani_Yelwa:

Slm jama'a, barkanmu da zafi. Don Allah masana waya ku taimaka min da shawara. Ina so in canza waya kafin sallah, na shiga babbar kasuwa nan Garwa mai shago ya fito min da guda biyu kuɗinsu kusan ɗaya, ya ɗora min ɗaya a dama ɗaya a hagu yace in ji da kaina, wai mai nauyin nan ita ce waya, ɗayar kuma roba ce zalla ba za ta kai shekara ba. Kuma gsky da na riƙe sai naji hankalina ya fi kwanciya da mai nauyin, tana da wani sanyi a tafin hannu, kana riƙewa ka san ka riƙe kuɗi. Amma ni aikina yawo ne a kan moto ina raba kaya shaguna, waya kullum tana aljihun gaba kuma tana yawan faɗuwa, wadda ke hannuna yanzu ekran ɗinta, wato gilashin fuskarta, duk ya tsattsage. To shin nauyin nan yana nuna ƙarko ne, ko dai bakin ɗan kasuwa ne kawai?

Bappa Moto:

Wslm. Kanena dauki mai nauyin kawai kada ka tsaya dogon tunani. Nauyin nan batir ne, kuma a garin nan lokacin bazara in wuta ta tafi ba ka san ranar dawowarta ba, waya mara nauyi kafin azahar ta mutu ka koma kana bin shaguna kana rokon caji. Ni in na daga waya naji ta sakayau bana ma tambayar kudinta.

Usta Maigyara Marwa:

Malam Sani sannu da ƙoƙari. Ni gyaran waya nake yi, kullum cikinsu nake gani, don haka bari in ɗan tsawaita, ayi haƙuri.

Maganar Bappa tana da rabin gaskiya. Batir yana cikin abubuwan da suka fi nauyi a waya, na 5000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) shi kaɗai yana kai wajen giram 70, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin wayar da ta kai giram 200. Amma ba shi kaɗai ke kawo nauyi ba, akwai gilashin baya, akwai ƙarfen da ya zagaye gefe, akwai kamara. Ga misali da kowa zai iya dubawa: a 2022 Apple ta fitar da iPhone 14 Plus da iPhone 14 Pro Max, girman fuskarsu ɗaya inci 6.7, batirinsu kusan ɗaya, amma Plus giram 203 ce, Pro Max kuma 240. Ina giram 37 ɗin suka fito? Galibi daga gefen ne, Pro Max farin ƙarfe mara tsatsa aka yi mata, Plus kuma alminiyam, sai ƙarin kamara. Sannan ka ɗauki Samsung Galaxy M51 mai batir 7000mAh, bayanta roba, giram 213 kacal. Kaga ta fi Pro Max ɗin batir nesa ba kusa ba amma ba ta kai ta nauyi ba. To idan da hannu za ka auna batir ai ka sha kunu.

Maganar ƙarko kuwa, ka tuna Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000, wadda har yau ake ba da labarinta? Giram 133 ce, jikinta roba. Tana faɗuwa murfi yayi gabas batir yayi yamma ka tattara ka mayar ta ci gaba da aiki. Eh na san ekran ɗinta ɗan ƙarami ne ba kamar na yanzu da duk fuskar gilashi ce ba, amma robar nan ita ke shanye bugun. Tukunyar ƙasa ta fi ƙwarya nauyi, amma sake su daga kai ka ga wadda za ka kwashe da tsintsiya.

A teburina waɗanda suka fi zuwa da baya a farfashe su ne masu gilashi gaba da baya, waɗannan masu sanyin hannu da kake faɗa. Mai bayan roba sai dai ta kwarzane ko fenti ya goge. Kuma abin da mai shago ba zai gaya maka ba, in gefen ƙarfe ya lotsa a kusurwa to ko mun saka sabon ekran ba ya zama daidai sai mun daddanna mun gyara gefen, wani lokaci bayan wata biyu ya sake ɗagowa.

Amma kada wani ya ɗauka ina cewa duk mara nauyi ita ce mai kyau. iPhone 6 Plus ta 2014 siririya ce jikinta alminiyam, mutane suka riƙa kuka tana lanƙwashewa a aljihun wando, shekarar da ta biyo baya kamfanin ya canza zuwa alminiyam mai ƙarfi a 6s. Kenan irin kayan da yadda aka gina cikin ne magana, ba abin da sikeli ya nuna ba.

Hajiya Kusiri:

Usta Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da ke raina. Ni ina saro kayan waya ina tsallakawa da su gadar Ngeli zuwa Injamena, kuma wlh 'yan jabu sun daɗe da gane cewa mutanenmu da hannu suke gwada kaya. An taɓa haɗa min kwalin fawabank masu nauyi kamar me, duk wanda ya ɗaga sai yace wannan ai ba wasa, kwana kaɗan masu saye suka fara dawo min da su, da yaron shagona ya ɓalle ɗaya sai ga batir ƙwaya ɗaya tak a haɗe da waya, sauran kuma ƙasa aka ɗura musu. Haka kan caja, akwai wanda za ka buɗe ka tarar da guntun ƙarfe an manna da gam ba ya aikin komai illa ya sa hannunka ya yarda. To wanda ya iya wannan a caja me zai hana shi yi a waya.

Sannan ku maza ba kwa lissafa wahalar riƙo. Ni cinikina rabi a WhatsApp ne, hoto, murya, tura kuɗi, waya tana hannuna tun safe, babbar da nake da ita da can har ɗan ƙaramin yatsana ya yi kanta wurin da take zama, da daddare wuyan hannu na min zogi. Ranar da ta suɓuce min a fuska ina kwance kuwa sai da leɓena ya kumbura, yara suna ta dariya. Yanzu kafin in sayi waya sai na riƙe ta da hannu ɗaya na rubuta saƙo naji ko kanta yana rinjaya baya, don wata ba nauyin ne ya yi yawa ba, kamarorin ne suka taru a sama suna janta.

Bappa Moto:

Hajiya ai ke a shago kike ga soket a gefenki. Mu da muke wuni a titi fa? Usta ni ban san giram ba, abin da na sani tun da na koma masu katon batir ban sake kwana da waya a mace ba.

Abdu_Dang:

Baba Bappa ba wanda ya ce batir ba shi da amfani, abin da Usta ke nufi shi ne a karanta lambar mAh a jikin kwali maimakon a auna da hannu. Ni ɗalibi ne nan Ngaundere, bari in ƙara ɗan abin da muka koya a aji.

Idan wayoyi biyu suka faɗo daga tsayi ɗaya, da gudu ɗaya za su isa ƙasa, amma ƙarfin bugun yana tafiya ne da nauyi. Mai giram 240 tana dukan ƙasa da ƙarfin da ya fi na mai giram 180 da kashi ɗaya cikin uku, kuma duk wannan ƙarfin sai ya sami inda zai shiga, in ba robar da za ta ɗan lotsa ta shanye to gilashi ne zai karɓa. Kuma ga yaya Sani da yake kan moto abin ya fi haka, don ba faɗuwa kawai za ta yi ba, da gudun moto za ta sauka ta yi ta birgima a kwalta.

Nauyin kayan ma ga shi a kowane santimita kubik: robar da ake jikin waya da ita wajen giram 1.2, gilashi wajen 2.5, alminiyam 2.7, titaniyam 4.5, farin ƙarfe kusan 8. Shi ya sa da Apple ta bar farin ƙarfe ta koma titaniyam a 2023, iPhone 15 Pro Max ta sauko giram 221 daga 240, kuma kuɗinta bai sauko ba. Manyan kamfanoni kuɗi suke kashewa su rage nauyi, mu kuma a kasuwa nauyin muke nema mu biya. Ko a ƙasashen waje ma haka mutane suke, lokacin da iPhone 5 ta fito a 2012 da giram 112 bayan 4S mai 140, akwai masu cewa ta yi musu sakayau kamar ta wasan yara, alhali ta fi ta baya komai. Sabo ne kawai, ƙwaƙwalwa ta saba haɗa nauyi da tsada.

Wancan sanyin da kace kana ji a hannu shi ma ba alamar inganci ba ne, ƙarfe da gilashi suna saurin janye zafin fatarka ne fiye da roba. Ka bar ta a rana a Garwa cikin watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ka ji ko sanyin yana nan.

Usta Maigyara Marwa:

Madalla Abdu, ka taɓo inda nake so in je. A ƙasar nan abin da ke kashe waya bayan faɗuwa zafi ne da ƙura. Apple da Samsung duka sun rubuta cewa wayoyinsu an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuma a bazara inuwa ma ta wuce haka. Mutum ya manna waya a kan moto cikin rana, ko ya sa ta caji ƙarƙashin filo yana kallo, batir ya kumbura ya turo murfin baya, ya zo yace min wai wayar ce ba ta da kyau. Mai giram 250 ma haka zai same ta.

Ƙura kuma, lokacin hunturu ramin caji da lasifika nake wuni ina sharewa. Duba ko an rubuta IP a kwalin, lambar farko ta ƙura ce ta biyu ta ruwa, IP67 ko IP68 ƙura ba ta shiga, IP53 ko IP54 da ke kan wasu masu sauƙin kuɗi ta fi babu. Kuma yashin da ke aljihunka ya fi gilashin waya tauri, ko Gorilla Glass ne zai karce shi, don haka gilashin kariya ba ado ba ne.

Bappa in dai nauyi da batir kake so har zuciya, akwai irin su Oukitel da Blackview da Ulefone da aka yi don masu aikin daji da gini, an naɗe su da roba mai kauri, wata ta haura giram 300, akwai ma mai batir 21000mAh da ta wuce rabin kilo. Waɗannan nauyinsu na aiki ne ban musa ba. Matsalar ranar da ekran ya fashe, ni dai ba na ajiye nasu, sai an aika Duwala ko Najeriya a nemo kana zaune ba waya. Tecno da Itel da Infinix kuwa, da yake duk kamfani ɗaya ne Transsion kuma sun cika gari, kayansu ko ina akwai.

Sani_Yelwa:

Kai jama'a ngd sosai, Allah ya bar zumunci. Na koma shagon da yamma na ce ya ba ni kwalayen in karanta, ashe duk biyun 5000mAh ne, mai nauyin bayanta gilashi ne ɗayar roba, kuma mai robar ce ma aka rubuta wa IP54. Mai shagon sai ya koma cewa ai gilashin ya fi kyau a ido, nace eh wannan kam gaskiya ne. Har yanzu dai raina yana kan mai gilashin ba zan ɓoye ba, launinta ya tafi da ni. Usta idan na sa mata poshet, wato rigar waya, mai kauri fa, ba shikenan ba?

Usta Maigyara Marwa:

Zai taimaka sosai musamman mai kumburarrun kusurwa, don a kusurwa waya ta fi sauka. Amma ka lissafa, poshet mai kauri zai ƙara mata nauyi a kan wanda take da shi, zai riƙe zafi lokacin caji, kuma gilashin da ka biya kuɗi saboda kyansa ba za ka sake ganinsa ba tunda ka rufe shi. Kuɗinka ne dai Malam Sani. Kafin ka biya ka shiga layin masu gyara nan kasuwarku ka tambayi kuɗin ekran da murfin bayan kowacce, kuma ka tambaya ko akwai a hannu yanzu ko sai an yi oda. Sannan ka daina sa ta a aljihun gaban nan in kana kan moto, nemi 'yar jaka mai zif.

Bappa Moto:

To naji, amma Usta wannan mai rabin kilon nawa take kaiwa a wajenku? Turo min hotonta ta inbox.