Kambu huɗu, sarki nawa? Musayar waƙa kan zakaran boksin ajin masu nauyi

Na-Gwale:
Sharaɗi ɗaya ne. Duk mai amsawa ya amsa da baiti, kuma ya zo da shekara da turmi da maki.

Salamu alaikum ma'abota dambe,
Ga tambaya na ajiye a kan hanya.

Kambu huɗu ne a ajin masu nauyi,
Kowanne da ofishinsa da ma'ajiya.

Ƙungiyar WBA ita ce babba cikin masu ba da su,
WBC a 1963 ta shigo duniya.

IBF ta biyo baya a 1983,
WBO 1988, autar zuriya.

Kowace na yankar kasonta a kuɗin ɗan dambe,
Kusan uku cikin ɗari, babu yafiya.

Ta zaɓo maka wanda za ka kara da shi dole,
In ka ƙi, ta karɓe kambunta ba kunya.

To cikin masu ɗaura fata da zinare,
Wa za mu kira zakara na gaskiya?

Ɗan Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Malam Na-Gwale,
Wannan ba ta kai a ja ta da tsawo ba.

Usyk na Yukren, bahagon nan,
Ban ga wanda ya tara abin da ya tara ba.

Zinare a Landan, Olamfik ta 2012,
Bai tsallake matakin koyo ba.

2018 a Mosko ya doke Gassiev,
Kambu huɗu na ajin da ke ƙasa da manya, bai bar ɗaya ba.

Ya hauro ajin manya da ƙaramin jiki,
Aka ce ba zai jure naushin ƙatti ba.

Satumban 2021 a filin Tottenham,
Joshua bai gano inda yake tsaye ba.

Kambu uku ya kwasa a daren nan,
A Jidda 2022 ma bai mayar ba.

18 ga Mayun 2024 a Riyad,
Fury ya gamu da abin da bai saba ba.

Kilo 119 ya hau sikeli da shi,
Usyk 101, ko kusa bai kai shi ba.

Tsawo santimita 206 a kan 191,
Tazarar ba ta hana hagu isa haɓa ba.

Turmi na tara da ta sauka sosai,
Igiya ce ta riƙe shi, ba ƙafarsa ba.

Kafin daren nan, tun Lennox Lewis a 1999
Ba a sake haɗa su a hannu ɗaya ba.

Garkuwan Sabon Gari:

Ƙanena Ɗan Tudun Wada, sannu da ƙoƙari,
Amma karanta katin alƙalai da natsuwa.

Ɗaya 115 da 112 ya ba bahago,
Ɗaya 114 da 113, tazara ba yawa.

Na uku Fury ya ba 114 da 113,
Ka ga ashe a daren akwai rarrabuwa.

Wanda ya ci turmi, maki goma ake rubuta masa,
Ɗayan tara, in dai babu faɗuwa.

In alƙali ya ƙirga maka, takwas ce taka,
Makin nan guda shi ya yi rabawa.

Cire ƙirgen nan na turmi na tara,
Canjaras ne sakamakon da ke fitowa.

Kuma sarautar dambe ba a naɗa ta a ofis,
Sai ka doke mai ita kake hawa.

Klitschko ya riƙe IBF tun 2006,
Shekara tara ƙatti na zuwa suna zubewa.

Nuwamban 2015 Fury ya bi shi har Jamus,
Turmi sha biyu ya hana damarsa motsawa.

Wilder mai dama kamar guduma, a 2018
Ya shimfiɗe shi, ya miƙe kafin goma ta kai ga cikawa.

2020 turmi bakwai, 2021 sha ɗaya,
Duka biyun Fury ya gama da shi tun kafin turmin rufewa.

Ɗan Tudun Wada:

Yaya Garkuwa, hujjarka ta dawo gidana,
In daga hannu zuwa hannu take wucewa,

Wanda ya doke Klitschko shi aka doke,
To wa ya gaje shi ban da mai dokewa?

A turmi na taran, daga igiya zuwa igiya Fury ke ta tangaɗi,
Ko ba ƙirge, 10 da 8 ne ke dacewa.

21 ga Disamba suka koma Riyad,
Fury ya ƙaro kilo takwas da niyyar dannewa.

Alƙalai uku, kowanne 116 da 112 ga bahago,
Baki ɗaya, babu mai saɓawa.

'Yar Zango:

Malamai ku dakata, kun manta da Folan,
Agustan 2023, ana tsakiyar wasa.

Turmi na biyar Dubois ya saki dama,
Ta sauka a ɗamarar wando, Usyk ya kai ƙasa.

Alƙali ya ce naushin ya sauka a haramtaccen wuri,
Doka ta ba da minti biyar, ya huta abinsa.

Kusan minti huɗu ya ɗauka yana mai da numfashi,
Da goma aka ƙirga, da kambu uku sun bar hannunsa.

Iyakar ita ce cibiya da saman ƙashin ƙugu,
Wando in ya hau sama, alƙali ke faɗin iyakarsa.

Safar hannu mai oza goma faɗi gare ta,
Tana iya taɓa ɗamara alhali rabinta na bisa.

Yaron nan kuma ya gama da Joshua a Wembley,
2024, turmi biyar, sau huɗu yana kayar da shi a gasa.

Joshua jinin Shagamu ne, faɗuwarsa ta taɓa mu,
Amma daren nan Dubois ya fi ƙarfinsa.

Mai Horo:

Hajiya 'Yar Zango, ƙorafinki na da tushe,
Amma 19 ga Yulin 2025 ta amsa miki.

Wembley, Dubois na riƙe da IBF,
A turmi na biyar ɗin dai aka gama aiki.

Dama ta lanƙwaso ta fara kai shi ƙasa,
Ya tashi, hagu ta rufe, ba a je ga maki.

Bari in faɗi abin da ke kayar da ƙattin,
Ƙafa ce tushensa, ba abin mamaki.

Bahago ƙafar dama yake sawa gaba,
Na-dama kuwa hagu, su haɗu taki da taki.

Wanda ya ajiye tasa ta waje ya samu hanya,
Hannunsa na baya ya miƙe zuwa haɓa ko ciki.

Usyk da hannun gaba yake dafa safar dogo,
Naushin gaban ya mutu, an taka masa birki.

Ya yi kamar zai jefa, ƙato ya ɗaga kafaɗa,
Ya sake, ya sake, yana cin ƙarfin jiki.

Minti uku sau goma sha biyu, hutu minti ɗai-ɗai,
Mai kilo 120 tun daga na bakwai yake haki.

Lagonsa kuwa sananne ne, haƙarƙari da tumbi,
Joshua a Jidda, turmi na tara, ya kai farmaki.

Ya zuba duk abin da ke gare shi a minti ukun,
A na goma hannu ya yi nauyi, Usyk ya hau doki.

Fury ma a karon farko, daga na huɗu zuwa na shida ya samu,
Da naushin ƙasa-zuwa-sama yana tara maki.

Sai ya koma ja da baya yana jingina da igiya,
A na takwas hagu ta fasa hanci, jini har baki.

Baba Alhaji na Damagaram:

'Ya'yana, ku bar ni in ja ku baya kaɗan,
Rigimar nan tsohuwa ce, kada ku manta.

1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja,
Aka tuɓe shi da biro, aka ce ya bar sarauta.

Frazier ya tara kambun, mutane ba su sallama ba,
Sai Maris 1971 da ya doke Ali ta tabbata.

Foreman ya karɓa a Jamaika, 1973,
Sau shida Frazier na faɗuwa kafin a tsai da ita.

Kinshasa 1974, turmi na takwas,
Ali ya jingina da igiya har Foreman ya galabaita.

1978 Spinks ya doke Ali, ya zaɓi su sake,
WBC ta tuɓe shi, ta miƙa wa Norton fata.

Bai ci karon kambu ba aka ɗaura masa,
Fitarsa ta farko Holmes ya karɓe ta.

1992 Bowe ya jefa ta WBC a kwandon shara,
Aka ba Lewis, bai jefa naushi ba a kanta.

Samuel Peter namu ya ci WBC a Maris 2008,
Turmi shida ya gama da Maskaev, ya nuna bajinta.

Amma Wladimir Klitschko da ya doke shi a 2005 na riƙe da biyu,
Wata bakwai kuma Vitali, yayan Wladimir, ya zo ya ƙwace ta.

Haka IBF ta ba Dubois a Yunin 2024,
Don Usyk ya cika wa Fury alƙawarin sake karawa da ya gabata.

Ni wanda ya doke mai ita a gaban jama'a
Shi nake kira sarki, ko ofis ya musanta.

Garkuwan Sabon Gari:

Baba na ji, kuma na sallama kambun,
Usyk karo 24 zuwa daren Wembley babu faɗuwa.

Amma ku auna da damben gidanmu na gargajiya,
Inda kisa shi ne jiki ya taɓa ƙasa, ba ƙirgawa.

A turmi na taran nan Fury bai kai ƙasa ba,
Ko gwiwa ko hannu babu mai taɓawa.

Da a dandali ne, da an raba su ba kisa,
Kowa ya koma ɓangarensa ana kiɗa da rawa.

Na-Gwale:

Garkuwa, dandali ba shi da igiya huɗu,
Da'irar 'yan kallo ce da yashi a tsakiya.

Dokar boksin ta ce in igiya ce ta tare ka,
Alƙali ya ƙirga, faɗuwa ce cikakkiya.

Alƙali Mark Nelson ya ƙirga wa Fury takwas a tsaye,
Ƙararrawa ta kaɗa, da ƙyar yake tafiya.

Cire igiyar nan ka kai su gidan dambe a Kano,
Da yashi ne ya tare shi ta baya.